Sunayen da Suka Fito a Wayar Mahaifiyata

Shekarun baya, ina aji uku a jami'a ina karanta kimiyyar kwamfuta, na dawo gida Daura hutu, daidai lokacin da aka gama kaka. Ku da kuke bibiyar shafin nan kun saba ganin ina rubuta 'yan baitoci a kan ruwan sama da inuwar darbejiya. Yau ba waƙa na kawo ba. Labarin wani kuskure ne da na yi da hannuna, na riƙe shi a ciki tsawon lokaci, sai yanzu da mutanen da abin ya fi shafa suka riga mu gidan gaskiya na ga zan iya faɗa. Ko yanzun ma ba zan kama sunan kowa ba.

A unguwarmu akwai wani ɗan kwamiti na dattawa biyar, sun kafa shi tun shekarun da aka dawo da shari'a. Aikinsu tattara zakkar hatsi daga manoman unguwa da na ƙauyukan kusa, su raba wa mabuƙata. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ne magatakarda. Mabuƙatan kashi biyu ne. Akwai waɗanda kowa ya sani, su zo da kansu su karɓa a ƙofar masallaci. Akwai kuma waɗanda dattawan ke kira masu rufin asiri, magidanta masu mutunci da rayuwa ta juya wa baya, waɗanda gara su kwana da yunwa da su miƙa hannu. Su waɗannan ba a ce musu zakka ce. Kowane gida da irin labarin da ake raka buhunsa da shi. Wani a ce masa ɗan'uwansa na Legas ne ya aiko, wani a ce gonar maƙwabci ce ta yi albarka bana, ya ce a taya shi ci. Sunayensu da labaran suna cikin wani littafi mai baƙin bango, wanda ba ya wuce hannun mutum biyar ɗin nan.

Wata safiya Kawu ya same ni a tsakar gida ina duba kwamfutata.

"Injiniya," haka yake kirana don tsokana, "wannan karatun naki na ado ne, ko yana aiki?"

"Yana aiki mana, Kawu."

"To ga aiki ya same ki."

Ya ce 'yan unguwarmu da ke zaune a Kano da Kaduna suna yawan tambayar abin da kwamiti ke ciki, ana so a yi shafi a intanet mai ɗauke da labarai da hotuna. Sannan biyu daga cikin dattawan ba sa zama, ɗaya yana fataucin dabbobi zuwa kudu, ɗayan kullum yana Kongolam can bakin iyaka, littafin nan kuwa ba ya rabuwa gida uku. Saboda haka a sa jerin masu rufin asiri a cikin shafin, amma a kulle, su biyar kaɗai ke gani.

Na ce babu abin da ya fi wannan sauƙi. Shekarata ashirin da ɗaya a lokacin, komai sauƙi gare shi.

Ranar da na zauna kwafe littafin ne na ci karo da sunan da ban taɓa zato ba. Hedimastanmu na firamare. Shi ya koyar da Kawu, ya koyar da ni, shi ne mutumin da ya fara ara mini littattafan waƙa yana cewa in dawo da su ba tare da tabon miya ba. Bayan ya yi ritaya 'ya'yansa maza biyu suka rasu a shekara ɗaya, jikoki suka dawo hannunsa. Amma da ka gan shi ranar Juma'a, riga a goge, hula a karye, a sahun gaba, ba za ka taɓa cewa tukunyar gidansa tana kwana a kife ba. A gefen sunansa Kawu ya rubuta: "A ce masa wani tsohon ɗalibinsa ne da ba ya son a san shi." Na san labarin wannan ɗalibi, kowa a unguwa ya sani, domin Hedimasta da bakinsa yake ba da shi a majalisa, yana murmushi yana cewa malami ba ya asara. Na buga sunan ina share hawaye da gefen mayafi.

Bari in ɗan yi bayani ga waɗanda ba aikinsu ba ne. Shafi irin wanda na gina gida biyu gare shi. Akwai saba, wato wata babbar kwamfuta can nesa, ita ke riƙe da bayanai, ita ke haɗa shafin ta aiko. Wannan ɓangaren da wani yaren kwamfuta mai suna PHP na rubuta shi. Akwai kuma abin da ke gudana a cikin wayar mai kallo bayan shafin ya iso, wanda ke sa abu ya motsa, ya buɗe, ya rufe. A nan na yi amfani da jQuery, wani shiryayyen tarin umarnin kwamfuta da ake kira laburare, wanda shafin ke jawowa daga wani wuri a intanet duk lokacin da aka buɗe shi. Ƙa'ida kuwa, wadda aka koya mana, na rubuta ta a jarrabawa har na ci, ita ce saba ta tantance mutum tukuna kafin ta aiko masa da abin sirri.

Na gwada hakan kwana biyu, abin ya ƙi. Da mutum ya shiga sai ya fitar da shi. Dattawan kuma suka ce su ba sa son kowa da nasa makulli, mu biyar ne, kalma ɗaya ta ishe mu. Sai na bi gajeriyar hanya. Na bar saba tana aiko da shafin gaba ɗaya, har da jerin sunayen, na umarci jQuery ya ɓoye jerin da zarar shafin ya iso, kada ya bayyana shi sai an buga kalmar sirri. Na kwana uku ina zaɓen irin koren da zan sa a bango, na tsara baiti biyu a kan ciyarwa na ɗora a sama. Makullin kuwa bai ci mini minti goma ba.

Ranar Laraba na nuna wa Kawu a kwamfutata. Ya buga kalmar da yatsa ɗaya, jerin ya sauko a hankali kamar ana sakin labule.

"Ikon Allah! Sake yi in gani."

Na sake. Ya ce ranar Juma'a bayan an idar da salla zai sanar da adireshin a lasifika, ya kuma liƙa shi a bangon masallaci.

Juma'ar ta zo, kwana biyu ke nan ba wuta, kwamfutata ta mutu murus. Tun da sassafe Kawu ya tafi Sandamu ɗauko wasu buhuna, daga can masallaci zai wuce. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ina tsinke zogale, mahaifiyata ta fito daga ɗaki. Ni ce 'yar fari, ba ta kama sunana.

"Ke, wai ni ba za a nuna mini abin da ya hana ki wanke-wanke sati biyu ba?"

Na yi dariya na karɓi wayarta, irin ƙananan nan masu maɓallai, na buga adireshin na miƙa mata. Ta gyara tabarau, tana karanta boko a hankali kamar yadda ta saba, leɓɓanta na motsi.

"A'a, ga hoton rumbu. Ga kawunki ya sha rawani kamar wani hakimi."

Tana ta danna maɓallin ƙasa. Can sai ta tsaya. Leɓɓanta suka daina motsi.

"Ke. Me ya kawo sunan Hedimasta nan?"

Na fizge wayar, abin da ban taɓa yi mata ba. Ga su nan a jere, baƙi a kan fari, babu wani labule, babu tambayar kalmar sirri. Kowane suna da labarin da ake raka buhunsa da shi. Tiren zogalen ya zame daga cinyata.

Mahaifiyata ba ta yi faɗa ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko hijabina ta ɗora mini a kafaɗa.

"Ni ban ga komai ba," in ji ta. "Ki tashi. Saura nawa a tayar da salla?"

Na kira Kawu sau huɗu, layi ba ya shiga. Sai na kira ƙawata ta jami'a, 'yar Kano, wadda ta fi kowa a ajinmu iya aiki da kuma kaifin baki.

"Mai waƙa, ya aka yi? Muryarki kamar an yi mutuwa."

Na zayyana mata cikin in'ina.

"Tsaya, tsaya. Kina nufin sabar tana aika wa kowa sunayen, jQuery ne kawai ke rufe su?"

"Eh."

"Innalillahi. Kin ɗauki akushi daga madafa kin kai wa baƙo har zaure, kin rufe da faifai, kin ce kada ya ɗaga. To wayar Mama ba ta ma san da faifan ba! Ƙananan wayoyin nan burazarsu, wato manhajar buɗe shafi, tsimin data take yi, ba ta damu da laburarenki ba. Ko babbar waya ce, in sabis ya yi rauni bai iso ba, haka za a gani. Mutum nawa ke da irin wayar a garinku?"

"Kusan kowa."

"To ki daina kuka tukuna, kuka ba ya goge fayil. Nemi inda ke da wuta da intanet, ki kira ni."

Na saka kwamfutar a jaka, na riƙe wayar mahaifiyata a hannu, na tari ɗan acaɓa. Kafen intanet na farko a kulle, an riga an tafi wankan Juma'a. Na biyu yana kusa da tasha, bayan layin masallacin da Kawu ke salla. Na iso mai shagon ya kashe janareta, kwaɗo a hannunsa, darduma a kafaɗa.

"Hajiya, sai bayan salla."

"Don Allah, Malam. Bayan salla ya zama ba shi da amfani."

"Rijistar jarrabawa ce? Ai ba yau ake rufewa ba."

"Ba jarrabawa ba ce. Asirin mutane ne zai tonu, kuma ni ce sanadi."

Ya dube ni, ya dubi agogo. Ban san me ya gani a fuskata ba. Ya ajiye dardumar, ya zagaya ya ja igiyar janareta sau uku kafin ya tashi.

"Man da ke ciki kaɗan ne, ko ya kai ki ko bai kai ki ba, Allah masani. In kin gama ki ja mini ƙofa." Ya yi gaba, sai ya waiwayo. "Kuma kada ki kunna fanka."

Na jona kwamfutar. Tsohuwa ce, in ta mutu haka sai ta sha caji kafin ta yarda ta farka. Ina zaune ina kallon baƙin gilashi, gumi na bin bayana, sai ladan ya yi kira. Ta ƙofar da ke a buɗe rabi ina hango ƙafafun maza suna wucewa, kowa da dardumarsa, kowa da waya a aljihun gaba.

Kwamfutar ta farka lokacin da liman ya hau mumbari. Lasifikar tana kawo muryarsa har cikin shagon, ta zama ita ce agogona. Na kira ƙawata, na maƙale wayata tsakanin kunne da kafaɗa.

"Ki manta da gyaran makulli," ta ce. "Babu lokaci. Ki buɗe fayil ɗin, ki yanke duk inda PHP ke fitar da jerin, ki mayar wa sabar."

Intanet ɗin shagon kamar kunkuru. Kafin in shiga sabar, liman ya gama yabo da salati ya shiga nasiha. Na sauko da fayil ɗin, na zaɓi layukan na goge, na tura. Ɗan layin da ke nuna tafiyar aiki ya tsaya a tsakiya, ya daɗe, ya motsa, ya sake tsayawa. Ban taɓa yi wa wani abu marar rai magiya kamar yadda na yi wa wannan layi ba.

Da ya kai ƙarshe na buɗe shafin a kwamfuta. Fari fat. Babu kore, babu hoto, babu komai.

"Na lalata shi gaba ɗaya!"

"Kin goge wani abu da bai kamata ba, shi ke nan. Ki gode wa Allah, farin shafi bai taɓa tona asirin kowa ba. Yanzu duba a wayar Mama."

Na duba. Sunayen suna nan daram.

Na tuna na yi wata ƙara da ban san ina da ita ba. A daidai lokacin liman ya kammala huɗuba ta farko ya zauna, garin ya yi tsit, sai ƙugin janareta, wanda shi ma ya fara tari.

"Suna nan! Wallahi suna nan!"

"Ke, natsu. Tsohon kwafi wayar ta riƙe. Shiga saitin burazar ki share abin da ta ajiye, ki sake buɗewa."

Maɓallan wayar ƙanana, yatsuna sun jiƙe, sau biyu ina shiga inda ba nan ba. Liman ya miƙe huɗuba ta biyu. Na share, na sake buga adireshin harafi bayan harafi. Wayar ta yi ta juyi, ta yi ta juyi, sannan ta nuna fari. Ban taɓa ganin fari mai kyawun wannan ba.

"Saura ki nemo abin da kika ɓarar, kada kawunki ya tura jama'a kallon farin bango. Karanto mini layukan ƙarshe."

Na karanto mata. Ta gano wata 'yar alama ta rufe umarni da na haɗa da ita wajen gogewa. Na mayar, na tura, ladan yana tayar da iƙama. Sannan ta ce in shiga rumbun bayanai, inda sunayen ke ajiye, in fitar da jerin ɗungurungum, kada ya kwana a sabar. Na yi hakan ana raka'a ta biyu, ina jin karatun liman, ina jin kunyar Allah da ta mutane a lokaci guda.

Aka yi sallama. Lasifika ta yi ƙara, sai muryar Kawu, cike da alfahari, yana karanto adireshin a hankali, yana maimaitawa, har yana cewa 'yar unguwa ce ta yi. Na buɗe shafin a wayar mahaifiyata sau uku. Kore, baiti, hoton rumbu, rawanin Kawu, ƙarshe. Babu suna ko ɗaya. Janareta ya yi tari na ƙarshe ya mutu. Na kifa kaina a kan tebur na daɗe.

Na koma gida ina ganin na tsira. Kawu ya biyo bayan la'asar, fuska sai annuri, mahaifiyata ta kawo masa dambu. Na durƙusa gefe na gaya masa komai, ban rage ba. Hannunsa ya tsaya a cikin kwano.

"Tun yaushe yake a buɗe haka?"

"Tun Laraba. Amma ba wanda ya san adireshin sai ni da kai."

Ya zare hannunsa, ya dubi mahaifiyata, ya dubi ƙasa.

"Jiya da yamma na biya ta wajen Hedimasta," ya ce a hankali. "Na ce shi ya koya miki baƙi, bai kamata wani ya riga shi ganin aikinki ba. Na rubuta masa adireshin a takarda."

"Wace irin waya gare shi?" na tambaya.

Ya nuna ta mahaifiyata da haɓa. "Ni na raka shi ya saya."

Washegari na koma kafe na duba rajistar da saba ke ajiyewa ta masu ziyara. Ranar Alhamis, gab da magariba, wata ƙaramar waya ta buɗe shafin. Bayan ɗan lokaci ta sake buɗewa.

Kwana huɗu ina zagaye layin gidansa, ko aike aka yi mini sai in bi ta bayan makaranta. Abinci ya daina shiga. A satin ne ya kamata a kai masa buhun bana, Kawu ya rasa yadda zai yi, ya kai ko ya fasa. A rana ta biyar mahaifiyata ta ce, "Ki je ki gaishe shi. In ya gani, ya riga ya gani. In bai gani ba, kin yi zumunci."

Na same shi a zaure da hantsi, a kan tabarma, rediyo na magana ƙasa-ƙasa a gefensa. Na yi sallama na durƙusa daga bakin ƙofa.

"A'a, 'yata. Yau an tuna da tsofaffi? Matso mana."

Muka gaisa, ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi karatu, ya tambayi ko har yanzu ina tsoron lissafi. Sai ya rage muryar rediyon.

"Na ga aikinki. Koren ya yi kyau. Baitin nan na biyu dai yana ɗingishi, amma za ki gyara."

"To, Baba."

"Ina da tambaya irin ta jahilai. Abin da aka goge a wannan allo naku, yana goguwa a ko'ina?"

"Eh, Baba. Na cire shi daga tushe."

"Mutum nawa suka karanta kafin ki cire?"

Ƙarya tana nan a kan harshena, a shirye. Amma mutumin nan ne ya koya mini cewa in an tambaye ka abu, ka ɗago kai.

"Mahaifiyata," na ce. "Sai kai."

Ya gyaɗa kai. Ya dubi bayan hannayensa.

"Shekara shida," ya ce, "ina bin ɗalibaina ɗaya bayan ɗaya a zuci, ina cewa ko wane ne, ko wane ne. Akwai ma wanda na fi zato. Duk Salla in ya zo gaisuwa sai in riƙe hannunsa in ƙi saki. Bawan Allah, ƙila yana ganin tsufa ne ya fara taɓa ni." Ya yi 'yar dariya, gajeriya.

Nan kuka ya ƙwace mini. "Baba, ka yafe mini. Gajeriyar hanya na bi. Na san ƙa'ida, na ƙi bi."

"Ya isa. Kada ki tara mana jama'a." Ya jira har na lafa. "Akwai sunayen wasu ban da nawa. Na gani, na manta. Ke ma ki manta. Abu ɗaya nake so a wurinki."

Ya karkata kai wajen ƙofar cikin gida, inda matarsa take, ya sassauta murya.

"Ita ba ta sani ba. Kullum bayan sallar asuba sai ta yi wa ɗalibin nan addu'a, ta roƙa masa 'ya'ya masu albarka. Kada a raba ta da shi. Ki gaya wa kawunki ya aiko kamar yadda ya saba, ya faɗi abin da ya saba faɗa, ni kuma zan amsa yadda na saba. Jikokin nan ba su san girman kai ba, tuwo suka sani."

Sai ya ɗaga murya.

"Hajiya! Ga 'yarki ta zo. A auno mata gero daga ragowar na ɗalibin nan, ta kai wa uwarta ta yi fura."

"Baba, don Allah a bar shi..."

"Yaushe aka fara shigowa gidana a fita hannu rabbana?"

Matarsa ta fito da ƙwarya, tana fara'a, ta juye mini a leda tana cewa geron nan albarka gare shi, ko ya kusa ƙarewa sai ka ga kamar ana ƙara shi. Na karɓa da hannu biyu. Shi kuwa ya ƙara muryar rediyonsa, kamar ba a yi komai ba.

An kai buhun a satin. An ci gaba da kaiwa har ya rasu, sannan aka ci gaba da kai wa matarsa har ita ma ta bi shi, ba ta taɓa sani ba. Jerin kuwa ya koma littafinsa mai baƙin bango. Daga baya na koyi gina makullin yadda ya kamata, na ce wa Kawu yanzu zan iya, ya ce a bar wa littafi aikinsa. Ban yi musu ba.

Yanzu wannan ce sana'ata, ina gina shafuka, ina kuma koyar da masu tasowa. Duk ɗalibin da ya zo yana nuna mini yadda ya ɓoye wani abu da laburare a wayar mai kallo, sai in tambaye shi, sabar ta aiko ko ba ta aiko ba? In ta aiko, to bai ɓoye komai ba, fata kawai yake yi. Wasu suna ganin na cika tsanani a kan ƙaramin abu. Ba na musu bayani. Ni dai na san cewa a bayan kowane layi na rumbun bayanai akwai mutum da rigarsa a goge, yana ƙoƙarin tsayuwa a gaban jama'a. Na kuma san cewa a ranar na yi tsere da liman na ci, alhali abin da nake gudu ya riga ya faru tun jiya.

Har yau ban san ko ciwon ya taɓa barinsa ba. Bai sake ɗaga maganar ba, ni ma haka.

Geron nan, mahaifiyata ta surfa shi da kanta, ta yi fura, ta dama da nono ta miƙo mini. Na ce ba zan iya sha ba. Ta ce, "Ya zama nasa, ya kuma ba wanda ya ga dama. Mayar da kyautar mutum irin wannan ya fi abin da kika yi muni." Ta tsaya a kaina har na shanye.